Daga Fagen Dambe Zuwa Zauren Lacca: Hujjar Tallafa wa Ɗalibai 'Yan Wasa a Ƙasar Bakolori

Sassan nazarin Hausa na jami'o'i sun daɗe suna cin gajiyar fagen dambe da na kokawa. An rubuta kundaye a kan kirarin 'yan dambe, an feɗe waƙoƙin maza, an ƙwanƙwance salon da Ɗan Anace ya bi wajen wasa Shago. Duk da haka, ɗan wasan kansa bai cika tsallake ƙofar jami'a ba. Ana zuwa gare shi da na'urar ɗaukar magana, a dawo da abin da za a sami digiri da shi, shi kuwa a bar shi inda aka same shi. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, ya kamata manyan makarantun ƙasar Bakolori su ware tallafin karatu ga matasan da suka yi fice a wasanni, kuma wasannin gargajiya su kasance a sahun gaba.

Ƙasar Bakolori ta dace da wannan gwaji fiye da wurare da dama. Madatsar ruwan da aka kammala a kan Gulbin Sakkwato a 1978 ta ɗaure Talata Mafara da Bakura da Maradun da igiya guda ta noman rani. A wannan yanki ne kuma ake da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da Jami'ar Jihar Zamfara, dukkansu a Talata Mafara, ga kuma Kwalejin Aikin Gona da ke Bakura. Wato makarantun suna tsakiyar ƙauyukan da samarinsu suka tashi da aikin ƙarfi a fadamun shinkafa, inda kokawar dandali da langa suke cikin tarbiyyar yaro tun kafin ya san allo da alli.

Sai dai yankin ya sha wuya. A shekarar 2021 kaɗai an sace 'yan mata a makarantar Jangebe a watan Fabrairu, aka kai hari Kwalejin Bakura a watan Agusta, sannan aka kwashe ɗalibai a makarantar Kaya ta Maradun a farkon Satumba. Inda makaranta ta zama abin fargaba ga iyaye, duk wata hanya da za ta jawo saurayi mai jini a jika zuwa aji ta wuce a kira ta shagala. Ƙarfin da makaranta ta ƙi karɓa, akwai masu jiran sa a daji.

Abin da tallafin karatu yake iya yi wa ɗan wasa ba ɓoyayye ba ne. Hakeem Olajuwon ya bar Legas a 1980 zuwa Jami'ar Houston ta Amurka, daga can ya zama ɗaya daga cikin manyan 'yan ƙwallon kwando na duniya. Tobi Amusan ta samu gurbi a Jami'ar Texas da ke El Paso, kuma a 2022 ta kafa tarihin duniya a tseren mita 100 na tsallake shinge da daƙiƙa 12.12. A Nijeriya aka haifi baiwar, amma wata ƙasa ce ta ba ta ɗakin kwana da abinci da mai horarwa da takardar digiri. Jami'o'in Nijeriya suna da gasarsu ta NUGA tun 1966, kwalejojin fasaha suna da NIPOGA, na ilimi suna da NICEGA. Amma shirya gasa daban, renon ɗan wasa daban. Idan sai gasa ta ƙarato ake tattara ɗalibai a raba musu riguna, an yi kiwon akuya ranar sallah.

Wane wasa za a tallafa wa? A nan ne ake buƙatar sauya tunani. Sabon jami'a mai ƙaramin kasafi ba za ta iya gogayya da tsofaffin jami'o'i a wasannin da ke bukatar tafkin ninkaya ko babban zaure ba. Kokawa kuwa yashi take buƙata da alƙali, langa fili kawai take nema, tseren dogon zango kuma takalmi da hanya. Waɗannan wasanni ba baƙi ba ne ga hukuma, domin dambe da kokawa da langa suna cikin wasannin gargajiya da ake fafatawa a Bikin Wasanni na Ƙasa. Jamhuriyar Nijar ta nuna iyakar inda za a iya kai su: tun 1975 da aka fara gasar kokawa ta ƙasa a Tahoua, takobin da ake ba zakara ya zama abin da jihohin ƙasar takwas suke alfahari da shi. Makarantar da ta fara renon 'yan kokawa masu ilimi a Zamfara za ta mallaki fagen da ba ta da abokin takara a cikinsa.

Tallafin da ake magana bai wuce abin da za a iya ba. Ya ƙunshi yafe kuɗin rajista, da tabbacin ɗakin kwana, da ɗan alawus na abinci, da kulawar asibitin makaranta, da sassaucin lokacin gwaji idan ya ci karo da gasa. Mafi muhimmanci shi ne karatun share fage, domin yawancin gwanayen karkara ba su da kiredit biyar ɗin da ake nema, balle makin JAMB. A zaɓo su daga gasannin makarantun sakandare da na ƙananan hukumomin uku, a ba su shekara guda ta gyaran Turanci da lissafi, sannan su nemi gurbi kamar kowa. Sharaɗin kuma ya fito fili: wanda sakamakonsa ya faɗi ƙasa da mizani, a dakatar da shi daga fage har ya gyara.

Akwai masu suka, kuma sukarsu tana da nauyi. Na farko suna cewa jami'a gidan ƙwaƙwalwa ce, don haka ba adalci ba ne a fifita mai damtse a kan hazikin da ya rasa kuɗin rajista. Amsar ita ce, wannan tallafi ƙari ne, ba madadin tallafin hazaƙa ba, kuma ba ya sassauta sharaɗin shiga ko na fita. Darasin Amurka ma yana da fuska biyu, domin an sha zargin wasu jami'o'inta da tatsar 'yan wasa su sallame su ba ilimin kirki. Abin koyi shi ne damar, abin gudu shi ne tatsar.

Na biyu suna duban mutunci. A al'adance an jingina dambe ga mahauta, an kuma haɗa shi da layu da yawon kaka, har wasu iyaye suna ganin sa sana'ar wanda bai ji magana ba. Ga kuma haɗarin rauni a kai, wanda ba a musun sa. Amma barin wasan a hannun masu shirya gasar kasuwa ba ya rage haɗarin. Makaranta ce za ta iya kawo rukunin nauyi, da duba lafiya kafin a shiga fage, da likita a gefensa, da dokar tsayar da turmi. Idan hakan ya gagara a dambe, a fara da kokawa da langa da guje-guje. 'Yan mata ma kada a manta da su: fili keɓantacce da mai horarwa mace da sutura mai kamala za su buɗe musu tsere da ƙwallon hannu ba tare da saɓa wa tarbiyyar gida ba.

Na uku suna tambayar kuɗi. Gurbi goma ko ashirin a shekara ba zai karya baitulmalin jiha ba, kuma sarakunan Mafara da Bakura da Maradun, da attajiran shinkafar yankin, da tsofaffin ɗalibai, suna iya ɗaukar nauyin gurabe da sunayensu.

Masana Hausa suna da alhaki na musamman a nan. Su ne suka san ƙa'idojin waɗannan wasanni da kalmominsu da tarihinsu, don haka su ya kamata su rubuta dokokinsu da Hausa tare da sassan ilimin motsa jiki, su kuma kai batun gaban majalisun makarantu. Ribar za ta dawo musu. Ɗalibin da ya taɓa naɗe hannunsa da zare, ya ji kalangu yana kiran sunansa, zai rubuta kundin da mai kallo daga gefe ba zai iya rubutawa ba. Fagen da ya ciyar da nazarin Hausa shekaru da yawa yana bin jami'a bashi, kuma gurbin karatu shi ne biya mafi dacewa.