Waƙoƙin Da Ya Kamata A Sa Wa 'Yan Mazan Jiya

Kowace shekara, ran 15 ga watan Janairu, a kan yi bikin tunawa da 'yan mazan jiya a Nijeriya duka. An zaɓi wannan rana domin a cikinta aka ƙare Yaƙin Basasa a 1970. A da ran 11 ga Nuwamba a ke yi, bisa al'adar Ingilishi. A yi fareti, a busa begila, manyan ƙasa su ajiye furanni, gidajen rediyo kuma su cika makon da kiɗan badujala da waƙoƙin yabon manyan hafsoshi. In an kwana biyu sai a mai da faya-fayen ma'ajiyarsu, sai kuma baɗi. Ba mu kushe wannan ba. Amma muna da magana game da irin waƙoƙin da a ke zaɓa, kuma muna so mu yi ta da ma'aikatan rediyo, da malaman makaranta, da malaman ofis na ƙasar Gumel, watau ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar.

Ra'ayinmu shi ne, duk gidan rediyon da zai keɓe wa tsofaffin soja fili, ko Rediyon Jigawa da ke Dutse ne ko wani, kada ya tsaya ga 'yan waƙoƙin nan da kowa ya sani. Rabin filin, ko fiye, a ba waƙoƙin da ba su shahara ba, har da na kuka da na ƙorafi. Maraba da Soja ta Malam Sa'adu Zungur, wadda ya yi wa sojan da suka komo daga Yaƙin Duniya na Biyu, tana cikin littafi, ana karanta ta a makarantu. Jiki Magayi ta Alhaji Aƙilu Aliyu, ta zamanin Yaƙin Basasa, ita ma haka. Waƙoƙin da Alhaji Mamman Shata ya yi wa soja suna cikin faifai, ba mai tsoron su ɓace. Waɗannan duka suna da masu tsaronsu. Wadda ba ta da mai tsaro ita ce waƙar da ke cikin kan wani tsoho a ƙauye, wadda ran da aka kai shi kushewa tare za a rufe su.

Bari mu tuna wa masu karatu irin mutanen da mu ke magana a kansu. A zamanin Yaƙin Hitila ƙasar Gumel tana cikin Lardin Kano, kuma ta hannun En'e, watau sarakuna da hakimai da dagatai, a ke ɗibar samari zuwa soja. Sojan Nijeriya sun yi yaƙi da Italiya a gabashin Afirka, suka shiga Mugadishu a watan Fabrairu na 1941, suka bi abokan gaba har cikin Habasha. Daga 1943 aka kwashe su cikin jirgin ruwa zuwa Indiya, daga can zuwa Bama, cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, suka kara da Jafan a kwarin Kaladan, suka ci Myohaung a watan Janairu na 1945. Da yawa cikinsu ba bindiga aka fara ba su ba, kaya suka yi ta ɗauka a ka cikin kurmi da ruwan sama, domin mota ba ta iya shiga inda su ke. Hausa kuwa ita ce harshen bariki a wancan zamani, har Turawan hafsoshi sai sun koye ta. Sunayen wuraren da aka gwabza suna nan a kan barikokinmu: Dodan da Arakan a Ikko, Letmauk a Badun, Dalet a Kaduna. Bayan su ga waɗanda suka je Kwango daga 1960, da na Yaƙin Basasa daga 1967 zuwa 1970, da na Laberiya daga 1990, da na Saliyo, da samarin da suka yi fama a Barno tun 2009. An adana sunayen garuruwan da aka yi yaƙi a jikin allon ƙofar bariki, amma abin da kurtu ya rera a garuruwan nan ba wanda ya adana.

Iri uku mu ke so a nema. Na farko, waƙar da soja da kansa ya yi wa kansa: ta maci, ta haƙan rami, ta ɗaukar kaya, ta zolayar saje mai zafin rai, ta begen gida. Wanda ya taɓa zama kusa da tsohon soja ya san ba ya tuna yaƙi da waƙar da aka yi wa janar. Da waƙar da abokinsa ya kan ba shi, shi yana amshi, ya ke tunawa, sau da yawa kuma abokin nan bai komo ba.

Na biyu, waƙar waɗanda aka bari a gida. Mata ba su rubuta wa jarida takarda ba, amma sun faɗi abin da ke ransu a bakin dutsen niƙa da gindin turmi, 'yan mata kuma a dandali. Abin faɗi kuwa ba kaɗan ba ne. Da Jafan ta kama Malaya a 1942, Ingila ta rasa kuzarta, sai aka koma ɗibar mutane dole daga lardunan Arewa zuwa haƙar kuza a Jos, abin da talakawa suka kira ɗiban gwamna, har zuwa 1944, kuma mutane da yawa sun mutu can saboda sanyi da cuta da ƙarancin abinci. A shekarun nan ne aka yi yunwar da a ke kira 'Yar Gusau. Aka matsa wa manoma su noma gyaɗa domin yaƙi, jirgin Nguru yana kwasa ta tashoshi irin su Gagarawa. Iyakar Maigatari kuma ta zama iyakar gaba, domin daga 1940 zuwa ƙarshen 1942 Nijar tana hannun Faransawan da suka bi Jamus, ɗan'uwa a Damagaram, ɗan'uwa a Gumel, ziyara ta yi wuya. Duk wannan yaƙi ne, ko da ya ke ba a harba igwa a ƙasar Gumel ba.

Na uku, waƙar ƙorafi ta bayan an komo: ta kuɗin sallama da bai kai na Bature ba alhali harsashi bai bambanta su ba, ta aikin da aka yi alkawari ba a samu ba, ta fanshon da a ke bi ofis ofis har takalmi ya ƙare.

Mun san za a ce mana, wa zai saurari waƙar da ba a sani ba? To, ga misali daga ƙasar Turai. Akwai wata waƙar Jamus mai suna Lili Marleen, wadda aka ɗauka a faifai a 1939, ba ta yi kasuwa ba. A 1941 gidan rediyon sojan Jamus da ke Belgred ya rasa isassun faya-faye, ya sa ta. Babu yabon sarki a cikinta, babu kirarin yaƙi, labarin soja ne kawai mai begen budurwarsa a ƙofar bariki. Kafin a jima sojan Jamus da na Ingila da ke yaƙi da juna a hamadar Libiya duk ita su ke jira da dare. Shahara ba daga sama ta ke faɗowa ba, wani ma'aikacin rediyo ne ya kan fara sa faifan.

Za a kuma ce, bai dace gidan rediyon gwamnati ya sa waƙar ƙorafi ba, kada a ta da hankalin jama'a. Wannan magana ba mu yarda da ita ba. Waƙar Diga, wadda ta bayyana wahalar da talakawa suka sha wajen aikin hanyar jirgin ƙasa, Sarkin Zazzau Aliyu Ɗansidi ne ya yi ta yana bisa gadon sarauta, kuma yau da ita a ke koya wa ɗalibai tarihi. Kukan da aka saurara ba ya ta da fitina, wanda aka toshe wa baki shi ke ta da ita. A Ankara ta ƙasar Gana, wadda a ke kira Gwalkwas a lokacin, tsofaffin sojan Bama suka ɗauki takardar kukansu za su kai wa Gwamna ran 28 ga Fabrairu 1948, 'yan sanda suka harbe uku daga cikinsu, garin ya kama da wuta. Hukumar da ta ji waƙar fansho a rediyonta ta sami rahoto kyauta, irin wanda ba akawun da zai yi ƙarfin halin rubuta mata.

Akwai wuri guda da mu ke tare da masu tsoro. Cikin waƙoƙin Yaƙin Basasa akwai masu zagin ƙabila, cikin na siyasar NEPU da NPC kuma akwai zambon da ya ambaci iyayen mutanen da jikokinsu ke raye, suna maƙwabtaka da juna. Irin waɗannan a ɗauke su a ajiye domin masu binciken tarihi, amma kada a watsa su. Janar Gowon ya rufe yaƙin da cewa babu wanda ya ci, babu wanda aka ci, kuma bai kamata fili na minti talatin ya warware wannan ba. Ma'aunin mai sauƙi ne. Waƙar da ke cewa ga abin da aka yi mana, a sa ta. Wadda ke cewa mutanen wuri kaza ba mutane ba ne, a bar ta cikin akwati.

Ga sharuɗɗan da mu ke ba da shawara a bi. Da fari, a tambayi masu abin. Kafin mai shirya fili ya zaɓi kome, ya zauna da ƙungiyar 'yan mazan jiya ta kowace ƙaramar hukuma, da matan waɗanda suka rasu, ya ji abin da su su ke so su ji. Na biyu, kowace waƙa ta zo da labarinta: wa ya rera, a wane wuri aka koye ta, a wane yaƙi, me ya jawo ta. Na uku, a nemi izinin mai waƙa, a biya shi haƙƙinsa, in kuma ba ya so a faɗi sunansa a rufa masa asiri. Na huɗu, kada a tsaya ga Hausa kaɗai. Ƙasar Gumel ta Mangawa ce da Fulani da Hausawa, kuma kowace Alhamis kasuwar Maigatari tana tara mutanen Nijar, waɗanda kakanninsu suka yi wa Faransa soja, suka kuma sha aikin tilas har aka hana shi a 1946. Su ma suna da nasu waƙoƙin. Na biyar, kada a gyara. Muryar tsoho tana rawa, numfashinsa yana yankewa, a bar ta haka, kada a ɗauko yaro ya maimaita ta da kiɗan fiyano. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Saura wa zai yi aikin. Gidan rediyo ba shi da ma'aikatan da za su shiga kowane ƙauye, amma ba gundumar da ba ta da malamin makaranta, kuma da wuya a sami malamin da ba shi da wayar da ke ɗaukar magana. Malaman ofis da dagatai da masu unguwanni sun san gidan da tsohon soja ya ke, da gidan da gwauruwarsa ta ke. Ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Gumel suna iya rubuta abin da aka ɗauko, a ajiye kofi a fadar Mai Martaba Sarkin Gumel, a aika da wani gidan rediyo, wani kuma Jami'ar Bayero ta Kano, inda aka daɗe ana tattara waƙoƙin Hausa.

Jama'a, lissafin ba ya bukatar alli. Wanda ya shiga soja yana da shekara 18 a 1943, in yana raye yau ya kai ɗari. Wanda ya shiga yana da 20 a 1968 ya doshi tamanin. Na Bama sun kusa ƙarewa, sai abin da 'ya'yansu da matansu suka riƙe. Na Basasa kuwa suna nan, amma kowace damina ana raguwa. Saboda haka muna roƙon kowane malami da ya karanta wannan, kada ya jira Janairu. Ran Juma'a mai zuwa, in an sauko daga masallaci, ya je ya gai da tsohon sojan unguwarsu, ya zauna, ya tambaye shi abin da su kan rera in tafiya ta yi nisa. Allah ya ji ƙan waɗanda suka riga mu, ya ba na raye lafiya, ya kuma zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.