Ihsan da Islam: Sunan Wa Muke Sa Wa 'Ya'yanmu Mata?

Duk wanda ya leƙa rajistar wata makarantar kuɗi a Dutse, ko ya halarci raɗin suna a Kiyawa ko Birnin Kudu a 'yan shekarun nan, ya ga yadda abin ya juya. Ihsan, Islam, Ikram, Nur, su ne sunayen 'yan mata yanzu. Ra'ayin da ya yi kaka-gida shi ne wai wannan wayewa ce kuma kusanci ne da addini, su Kande da Delu kuwa ƙauyanci. Ni ban yarda ba, kuma abin yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Su Larabawan da muke kwaikwayo, maza ne da yawa ke amsa waɗannan sunaye a wajensu. Ihsan Abdulƙuddus, marubucin Masar da ya rasu a 1990, namiji ne. Nur Sharif, ɗan fim ɗinsu da ya rasu a 2015, namiji ne. Masu kallon ƙwallo kuwa sun san Islam Slimani na Aljeriya. Ba na cewa haramun ne, domin mu ma muna da Altine da ke hawa kan mace da namiji, ga Abu da ake ce wa Zainabu. Abin da nake ƙi shi ne a ɗauko suna daga waya ko fim saboda daɗin faɗa kawai, ba a san mai shi ba, ba a san asalinsa ba.

Ku lura da inda wariyar take. Idan namiji aka haifa, uba ba ya wasa: sunan Annabi, ko na sahabi, ko a mayar da sunan kaka. Sai an zo kan mace ake neman abin ado. Ɗa ya gaji dangi, 'ya ta gaji yayi. Da can ko alkunya tana ɗauke da labari. In ka ji Kande ka san ta biyo bayan maza, Ladi ta zo ran Lahadi, Azumi a watan azumi. Indo kuma ka san A'ishatu ce, akwai wata tsohuwa a gidan da ake jin kunyar kama sunanta.

Za a ce ai sunan yanka yana nan, Fatima ce, Ihsan ɗin na kira ne. To, wane ne ke shiga takardar haihuwa da katin ɗan ƙasa da takardar jarrabawa? Na kiran ne. Sunan da aka yanka wa rago ya mutu tun ranar bakwai, kakar da aka yi wa takwara ta ci goro ta tafi.

Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya samu tagwaye a 1793. Namijin aka sa masa Hasan, macen kuwa Shehu bai bi al'adar sunan tagwaye ba, ya kira ta Asma'u, sunan 'yar Sayyadina Abubakar. Shi ma ya saɓa wa abin da aka saba, amma mace ya nemo mata, mai tarihi, wadda za ta yi koyi da ita.

Limamai da malaman unguwa a masarautar Dutse, ku da ake kira da sassafe ku raɗa suna, ku riƙa tambayar uba kafin a shafa Fatiha: sunan wa aka mayar, kuma wanne za a rubuta a takarda?