Norway: hasashen gobe ya inganta, amma hunturu ya daina cika alƙawari

A ƙasar Norway, mutane kan buɗe waya kafin su buɗe ƙofa. Masunci a tsibiran Lofoten, direban babbar mota da zai ratsa tsaunuka, uwar da za ta kai yaro makaranta a birnin Tromso cikin duhun da kan yi kusan wata biyu rana ba ta fito ba, kowa sai ya duba hasashen yanayi tukuna. Galibinsu manhajar Yr suke dubawa, wadda hukumar kula da yanayi ta ƙasar da kafar yaɗa labaran gwamnati, NRK, suka ƙaddamar a 2007. Kyauta ce, kuma ba Norway kaɗai ta shafa ba. Wanda ya rubuta Kano ko Damagaram a cikinta zai ga hasashen garinsu.

Ƙasar ta cancanci yabo a wannan fanni. Tun 1866 ta kafa hukumar yanayi, kuma a birnin Bergen ne Vilhelm Bjerknes da ɗalibansa, daga 1917, suka bayyana yadda haɗuwar iska mai sanyi da mai ɗumi ke haifar da guguwa, ilimin da masu hasashe ke aiki da shi har yau. Sai dai ƙwarewa wajen faɗin abin da zai faru gobe ba ta rufe wata matsala da ta fi ta girma ba. Ba a gina gida ko gada bisa hasashen kwana uku. Ana gina su ne bisa abin da aka saba gani a lokutan shekara, kuma wannan sabon ne ke rushewa a Norway.

Garin Longyearbyen da ke tsibiran Svalbard, can kusa da ƙarshen arewacin duniya, ya ga haka da idonsa. Ranar 19 ga Disamba, 2015, bayan wata guguwa mai ƙarfi, dusar ƙanƙara ta zaftaro daga tsaunin da ke bayan garin, ta rusa gidaje 11, ta kashe mutum biyu, ciki har da ƙaramar yarinya. Gidajen sun shekara da shekaru a wurin. Bayan haka aka kafa tsarin gargaɗi na musamman domin garin, amma a Fabrairun 2017 wata zaftarewar ta sake faɗa wa gidaje, a ranar da masu lura suka ga babu buƙatar kwashe kowa. Allah ya kiyaye, ba a rasa rai ba. Sai a lokacin hukumomi suka yarda cewa gargaɗi kaɗai ba zai wadatar ba, aka rushe gidaje da dama, aka gina shingaye a jikin tsaunin. A Yulin 2020 kuma zafi ya kai digiri 21.7 a ma'aunin Selshiyos a wannan gari da aka sani da ƙanƙara.

Makiyayan ƙabilar Sami a yankin Finnmark suna fama da nasu. Dabbarsu wata irin barewa ce mai ƙaho da rassa, wadda a hunturu take tono dusar ƙanƙara da ƙafa ta ci tsiron da ke ƙarƙashi. Muddin sanyi ya tsaya da ƙarfinsa, dusar tana nan da laushi kamar gari. Yanzu kuwa ɗumi kan kutso a tsakiyar hunturu, a yi ruwan sama a kan dusar, sanyi ya dawo ya daskarar da shi, abinci ya koma ƙarƙashin ƙanƙara mai tauri da kofato ba ya iya fasawa. Manhaja za ta faɗa wa makiyayi cewa ruwan na tafe, daidai da sa'ar da zai sauka. Abin da ya rage masa shi ne sayen abincin dabbobi a buhu, ya yi ta jigila zuwa daji a kan babur ɗin ƙanƙara.

Akwai kuma batun ma'auni. Idan mai gabatar da hasashe ya ce yau "daidai da yadda aka saba", yana kwatanta ranar ne da matsakaicin shekara 30. Har zuwa ƙarshen 2020, Norway na amfani da shekarun 1961 zuwa 1990. Daga 2021 ta koma 1991 zuwa 2020, kamar yadda ƙa'idar Hukumar Yanayi ta Duniya ta tanada. A kimiyyance babu laifi. Amma sabon ma'aunin ya fi tsohon ɗumi, don haka hunturun da kakanni za su kira mai laushi, yanzu sunansa na yau da kullum. Hukumar da ta iya kai hasashe cikin aljihun kowa ba za ta gaza nuna ma'aunan biyu gefe da gefe a fuskar waya ba, kuma ya kamata ta yi.

Guguwar Hans ta Agustan 2023 ta nuna iyakar abin. An yi gargaɗi mafi tsanani tun kafin ruwan ya sauka, an kwashe dubban mutane a kudancin ƙasar. Duk da haka wani ɓangare na madatsar ruwa ta Braskereidfoss a kogin Glomma ya fashe, gadar jirgin ƙasa a Ringebu ta karye. Masu hasashe sun yi aikinsu. Waɗanda ake jira su ne ƙananan hukumomin da ke ba da izinin gini a bakin kogi da gindin tsauni, da gwamnatin Oslo da ke riƙe da kuɗin gyaran magudanai da gadoji.

Kuɗin kuwa akwai. Norway na da ɗaya daga cikin asusun ajiyar gwamnati mafi girma a duniya, wanda aka tara daga man fetur da iskar gas, hajar da ƙona ta ke cikin abubuwan da ke ɗumama hunturun nata. Ƙasar da ke da wannan asusu ba ta da uzurin jiran zaftarewa ta biyu kafin ta ɗauke gidaje daga inda taswirarta ta riga ta nuna akwai haɗari.