Igiyar Tayar da Injin Kwalekwale Ba Abar Wasa Ba Ce

Duk lokacin da kwalekwale ya nutse a Kogin Kwara, kamar yadda ya faru kusa da Warra ta Jihar Kebbi a 2021, zancen ba ya wuce lodi fiye da kima da rashin rigar kariya. Gaskiya ne, amma a ganina akwai haɗarin da muka kau da kai daga gare shi, wato inji ya mutu a tsakiyar ruwa ya ƙi tashi.

Da yawa daga tsofaffin injinan da ke jigila tsakanin Yawuri da tafkin Kainji da igiya ake tayar da su. Igiyar kan tsinke, sifirin da ke mayar da ita kan karye, ɗan haƙorin da ke kama faifan injin kan cinye. Masu batir kuwa, tsatsar bakin waya ce ke fara kassara su. In aka ji ƙas-ƙas kawai, a kankare nan kafin a zargi sitata. A gaɓa ƙaramin gyara ne. A tsakiyar kogi, ga iska ga lodi, batun rai ne.

A matsayina na malamin harshe, abin da ke damuna shi ne littattafan kula da injinan nan da Turanci ake samun su, alhali matuƙa da Hausa ko Nufanci suke sana'arsu. Ya kamata hukumar NIWA, da aka kafa a 1997, ta fassara wannan bayani, ta kuma wajabta wa kowane matuƙi riƙe igiyar ko-ta-kwana. Rigakafi dai ya fi magani.