Wasiƙa Zuwa ga Masu Ɗaukar Hoton Ciki

'Yan'uwa masu riƙe da na'urar sikanin, da likitocin da ke karanta sakamakonta.

Mace ta zo awon ciki, ko dattijo ya zo a duba masa ƙoda, sai na'ura ta nuno tsakuwa a matsarmama. Roƙona gare ku shi ne ku auna abin da zai fito daga bakinku a wannan lokaci. Da zarar mutum ya ji "akwai dutse a cikinka", barci ya ƙaurace masa ke nan, iyalinsa kuma su shiga lissafin abin da za su sayar don kuɗin tiyata.

Alhali wannan tsakuwa ruwan dare ce. A Turai da Amurka, kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na manya suna ɗauke da ita, kuma kusan kashi 80 na masu ita ba su san da zamanta ba. Ta fi samun mata. Ƙiba, yawan haihuwa da tsufa suna ƙara ta. A 1982 Gracie da Ransohoff suka wallafa bincike kan malaman Jami'ar Mishigan 123 da tsakuwarsu ba ta damunsu. Bayan shekara 15, kashi 18 kacal ciwo ya taso wa.

Abin da ya fi damuna shi ne ɗora wa tsakuwar laifin da ba nata ba. Mutum ya zo da ƙwannafi, gyatsa da kumburin ciki, an ga tsakuwa, shi ke nan an daina bincike. Ciwon matsarmama yana da kamanninsa: ƙarƙashin haƙarƙarin dama yake kamawa, sau da yawa bayan cin maiƙo, ya yi rabin awa zuwa 'yan awoyi, wani lokaci ya harba kafaɗa. In ba haka ba ne, ku duba olsa tukuna. Cire matsarmama ba maganin ƙwannafi ba ne, kuma a tiyatar ana iya raunata bututun da ruwanta ke bi.

Amma don Allah ku lura da masu sikila, waɗanda muke da su birjik a ƙasarmu. Fashewar ƙwayoyin jininsu kan haifar da tsakuwa tun suna yara, ciwonta kuma yakan saje da tashin sikilar. Su a tura su ga ƙwararre. Haka mai tsakuwar da ta haura santimita 3.

Saura kuwa, ku faɗa musu gaskiya cikin natsuwa: su koma gida su ci gaba da harkokinsu, amma in ciwon nan ya taso, ko zazzaɓi, ko ido ya yi shawara, su garzayo asibiti ranar.

Wassalam.