Sharhinmu: Ɗan ƴar kasuwa da ya ci zinariya da ƙafa

Idan ana lissafin maganin gajiya, ba wanda zai tambayi matan Arewa ina ake samun tafiyar ƙasa. Tun asuba suke fitowa daga ƙauyukan Matankari, Dankasari ko Dumega, kaya bisa kai, yara na biye. To, wannan tafiya da muka raina, a wasu ƙasashe wasa ce da ake cin lambar zinariya da ita.

Ku dubi Jefferson Pérez na ƙasar Ekwado, can Kudancin Amurka. An haife shi a 1974 a garin Cuenca, gidan talakawa. Mahaifiyarsa ƴar kasuwa ce kamar ku, shi ma ya yi tallar jarida yana yaro. Jarrabawar motsa jiki ta lakwal ce ta kai shi ga tseren tafiya. Ka'idar wasan ba wuya: a yi sauri, amma kada alƙali ya ga ƙafa biyu sun bar ƙasa tare, kuma ƙafar gaba ta sauka a miƙe. Mai kallo sai ya yi dariya, ya ce rangwaɗa ce. A 1996, a Atlanta, da wannan rangwaɗar Pérez ya ci zinariyar kilomita 20, lambar Olimfik ta farko a tarihin ƙasarsa. A 2003 a Paris ya gama kilomita 20 cikin awa 1 da minti 17 da daƙiƙa 21, wato kowane kilomita bai cika minti 4 ba. Ya sake zama zakaran duniya a 2005 da 2007.

Mu fa? Lambobinmu na Olimfik biyu ne: tagullar Issaka Daboré a dambe, 1972, da azurfar Alfaga a 2016. Shekara 44 tsakani!

Abin da ya kamata iyaye mata su riƙe shi ne inda aka gano yaron: a lakwal. Da an cire shi don talla kaɗai, da ba wanda ya ji sunansa.

Saboda haka muna kira ga magadan gari na Dutsi da Tibiri su sa tseren tafiya cikin wasannin ƴan makaranta, maza da mata. Ba ya bukatar fili mai ciyawa, hanya da takalmi sun isa. Ku kuma ƴan kasuwa, mun ga yadda hannunku ke buɗewa ranar kokowa, buhun hatsi da kuɗi ga wanda ya yi kaye. Takalmi ƙafa goma bai fi ƙarfin layin masu hatsi ba.