Masu cewa "kiɗan aljanu ne", ku matso mu yi magana

Jama'a, yau da masu yi wa 'yan uwanmu ɗalibai dariya nake. Wanda ba ya sauraron kiɗa kwata-kwata saboda addininsa, ba da shi nake ba, na girmama matsayinsa. Da ku nake, ku da kuke kwana kuna cika mana kunne da sifika a Naraguta da Village, amma da zarar wani ya kunna tsohon kiɗan jita na Japan sai ku ce aljanu sun shafe shi, ko ɗan ƙarya ne mai kwaikwayon Turawa, ko kuma ɗan ƙwaya. Haba ɗan uwa! Kafin ka zagi abu, ai ka san shi tukuna.

A 1966 The Beatles suka yi wasa a zauren Budokan da ke Tokyo. A shekarun nan samarin Japan suka rungumi jita mai lantarki, ƙungiyoyi suka yi ta ɓullowa, irin su The Spiders da The Tigers da The Golden Cups, ana kiran yayin Group Sounds. A 1968 The Mops suka fitar da faifansu Psychedelic Sounds in Japan, a 1971 kuma Flower Travellin' Band suka fitar da Satori. Su kuwa Les Rallizes Dénudés, a jami'ar Doshisha ta Kyoto aka kafa su a 1967. Ɗalibai ne irinmu, masu lakca da jarrabawa.

Wannan ƙugin da kuke cewa na aljanu ne, wata 'yar na'ura ce da makaɗi ke takawa da ƙafa, ta dusashe muryar jita ta koma kamar ƙudan zuma a cikin tulu, a haɗa da amsa-kuwwa. Shi ke nan sirrin. Sunan gareji kuma daga Amurka ya zo, inda yara marasa kuɗin sutudiyo ke atisaye a garejin motar gidansu. Maganar ƙwaya fa? Gaskiya ne a Amurka an danganta wannan salo da shaye-shaye. Amma tsakani da Allah, kodin da tiramadol da ke lalata mana matasa, faifan 1968 ne ya kawo su?

Saura maganar kwaikwayo. Eh, da kwaikwayo suka fara, har da rera waƙoƙin Turawa. To sai me? Da rarrafe yaro ke miƙewa. Wajen 1970 sai da suka yi gardama a tsakaninsu kan ko wannan kiɗa zai yiwu da harshen Japananci, ƙungiyar Happy End ta yi, ya kuma zauna. Wanda kullum yake jin waƙar da aka ɗora a kan kiɗan Amurka ko na Indiya, da wane baki zai yi wa wani gorin kwaikwayo?

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, masu cewa "wannan ba namu ba ne" ba su san mu ma mun yi irinsa ba. Bayan yaƙin basasa ya ƙare a 1970, samarin Najeriya sun ɗauki jitar nan da na'urar nan. BLO sun fitar da Chapter One a 1973. Ofege yaran sakandare ne a St. Gregory's ta Legas lokacin da suka yi Try and Love. Ga The Funkees daga Gabas. A nan garin kuza kuma muna da Sahara All Stars, waɗanda suka liƙa sunan Jos a jikin sunan ƙungiyarsu. Nasu salon ya fi karkata ga afirobit, amma zamanin ɗaya ne, jitar lantarkin ɗaya ce. A wannan tsakanin ne ma, 1975, makarantarmu ta zama jami'a mai cin gashin kanta.

Yanzu ku tambayi kanku: wa ya adana mana wannan kiɗa? Kamfanin Strut na Landan ne ya tattara faifan Nigeria 70 a 2001, a ciki akwai Sahara All Stars da Bala Miller. Soundway na Ingila ya fitar da Nigeria Rock Special a 2008. Now-Again na Amurka ya fitar da Wake Up You! a 2016, da tarihin da Uchenna Ikonne ya rubuta. Wato ɗan Farin Gada in yana son jin ƙungiyar garinsu, sai ya bi ta Landan. Kamfanonin Japan sun sake buga tsofaffin waƙoƙinsu ga jikoki, shi ya sa har suka iso wayar ɗalibi a Bauchi Road. Mu kuwa faya-fayanmu suna can ƙarƙashin gadon kaka, rana ta lanƙwasa su, ko an mai da su faifan rufe tukunya. Garin da ya ga rikicin 2001 da gobarar kasuwar Terminus ta 2002 ya fi kowa sanin yadda kaya ke salwanta a dare ɗaya. Mutanen da suka yi kiɗan nan da waɗanda suka taka rawarsa sun haura saba'in. Ɗan Maraya, mai kuntigi mai tsirkiya ɗaya, ya rasu tun 2015. Kullum ana raguwa.

Ku ma masoya kiɗan Japan ɗin, kar ku yi saurin tafa min. In ka haddace sunayen makaɗan Tokyo amma ba ka taɓa jin Sahara All Stars ba, kai ma akwai gyara a lamarinka. Kunnen da ya iya jin daɗin Satori ba zai rasa abin ɗauka a Chapter One ba. Kuma ku daina kallon sauran mutane kamar ƙauyawa. Ku miƙa musu kunne ɗaya na iyafis, ya fi ku ɗaga musu hanci.

Ga abin da nake roƙo. In an tafi hutu, kowa ya tambayi baba ko kawu ko gwaggo ina aka yi da faya-fayan gida, kuma a wane wuri ake rawa a Jos a zamaninsu. Ka ɗauki muryarsu a waya, ka ɗauki hoton bangon faifan gaba da baya. 'Yan ajin ƙarshe masu yawon neman taken furojet a tarihi da aikin jarida da wasan kwaikwayo, ga shi nan a ƙofar gidanku. Masu shirya makon ɗalibai, ku ware awa ɗaya tak ga masu ganga da jita na gaske, DJ ba zai mutu ba. Wanda bai so kiɗan ba, ba dole, ya sauya waƙa. Amma kalmar "aljanu" da "ɗan ƙwaya", don Allah a ajiye ta, domin iyayenmu ma kuke haɗawa da zagin.